Ranar da Na Wanke Maɓallan Babana

Jama'a, ku matso kusa. Yau ba dariya na kawo muku ba, ko da yake na san halina, ko a gidan makoki sai ta kuɓuce mini. Sunana Sadiyatu, jikar Iyatu mai kaɗin zare ta Ƙofar Rini. In kun taɓa shan fura a bakin kasuwar Sakkwato, mai furar ta ƙara muku da baƙar magana a matsayin gyara, to ni ce. Shekarata goma sha takwas. Sa'o'ina duk suna goyon na biyu, ni ina nan, don duk saurayin da ya zo zance wurina sai ya koma gida yana tambayar kansa laifin me ya yi wa Allah. Mutum ɗaya ne na yanka wa magana ya yi dariya har hularsa ta faɗi, washegari kuma ya dawo. Tambari ke nan, mai fataucin shanu tare da baffansa. Shi nake so. Na faɗa, ku kai ni ƙara.

Matsalar ba Tambari ba ce, uwarsa ce, Inna Hajjo.

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da Nasara suka ci garin nan. A ranar, a filin Giginya, mahaifin Tambari ya faɗi, shi Tambari yana goye a bayan uwarsa. Inna Hajjo ba ta sake aure ba, kuma ba ta huce ba. Ko yadin kanti ba ta ɗaurawa, sai saƙi. 'Yan mata biyu ta kore wa ɗanta kafin ni. Ta farko ubanta masinjan Bature ne. Ta biyu, wanta ne ya taɓa ɗaukar wa Joji, Baturen mulki, akwati zuwa Argungu, sau ɗaya tak, a kan dole ma. Inna Hajjo ta ce jinin da ya yi wa waɗanda suka kashe mijinta hidima ba zai haifa mata jika ba.

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida ina kirɓa fura, gumi har cikin ido, na ji sallamarta. Wai zare ta zo saye. Zare! Matar da ke da mazari uku a ɗakinta. Na yar da taɓarya na faɗa ɗaki, na zizara kwalli a ido ɗaya na manta ɗayan, na ɗaura zanena mai shuni a baibai, na rataya murjanin marigayiya innata. Na maƙale a bayan asabari ina leƙe.

Ta zauna a tabarma kamar an dasa ta. Baƙin saƙi ya sha bugu yana ɗaukar ido, fatala ta rufe har gira, tasbaha a hannu. Ta juya zaren Iyatu, ta ja shi, ta ajiye.

“Zaren ga ya yi. Iyatu, ke na san ki, na san uwayenki, mutanen Dundaye na, manoma. Ɗiyarki da tar rasu ma na ji shaidarta. Uban yarinyar ga na ban sani ba. Ɗan wa na?”

Kakata ta gyara abawa a cinyarta. “Na'Allah? Mahauci na, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Shi da matatai annobar mura tad ɗauke su mako guda.”

“Allah shi jiƙan su. Ban tambayi sana'a ba. Ina shike ranar da anka shigo muna gari?”

Tsohuwar nan da bakinta ba ya hutawa ko tana salla sai ta yi gyaran murya, yau sai ta sunkuyar da kai tana kallon mazari.

Ku fahimce ni. Tun ina 'yar shekara bakwai na tono wata batta ta fata a ƙasan adudun kakata. Cikinta wasu maɓallai ne na ƙarfe, baƙi ƙirin da kore-kore, da wani ɗan falalen ƙarfe mai tsaga a tsakiya. Na tambaya, Iyatu ta ce babana ne ya yanko su daga rigar sojan Nasara da ya kayar a Giginya, amma kada in faɗa wa kowa don kada a kama shi. Da labarin nan na girma. Duk yarinyar da ta ce mini 'yar mahauci, a raina sai in ce, ke ubanki a rumbu ya ɓuya ranar.

To ga tambaya ta zo daidai gidan amsa, tsohuwa ta kama baki. Ni kuwa Sadiyatu an ce mini in ga ƙofa a buɗe in ƙi shiga?

Na banko asabari na zube a gabanta. “Ina kwana, Inna. Babana Giginya shike! Har maɓallan sojan da yak kayar muna da su cikin ɗakin ga.”

Inna Hajjo ta dube ni, ta dubi idona mai kwalli, ta dubi marar kwallin.

“Ke ta mai bakin?”

“Ni ta, Inna. Amma ana ragewa in an yi aure.”

Ba ta yi dariya ba, amma na rantse gefen bakinta ya motsa. Ta ce, “In gaskiya na, ki kawo in gani. Wanda yat tsaya wurin ga tare da mijina Malam, ɗiyatai ɗiyata ta.” Ta miƙe, ko zaren ba ta ɗauka ba.

Tana fita na yi juyi a tsakar gida, na ce, “Tsohuwa, tashi ki yi guɗa, kin rabu da ni!”

Iyatu ba ta ɗago ba. “In kinka taɓa battar ga ban yafe ba.”

“Don mi? Wa za a kama yanzu? Mutum shekara shida a kabari?”

“Na hwaɗa miki.”

“Kishi kike don ke naki mijin da kwanon tuwo kaɗai yat taɓa yaƙi.”

Kullum in na taɓa kakana sai ta jefe ni da mazari. Ranar ko kallona ba ta yi ba. Da ina da hankali da a nan na tsaya. Ba ni da shi.

Da la'asar Tambari ya zo ƙofar gida, cikin taguwarsa fara mai warin shanu da turare, hula a karkace. Mu biyu muna da hanyar saƙonmu: in ya zo shan fura a kasuwa ya bar farin goro a kan faifaina, zai zo zance, in ja ne, ya yi tafiya. Ranar fari biyu ya bari, don zumuɗi.

“Mai baki, mi kinka yi ma Inna? Tun da tad dawo take tambayata ko kin iya tuwon shinkafa.”

“Ka ce mata na iya ci.”

“Wallahi da gaske nike. Ban taɓa ganin ta hakan ga ba. Ashe babanki na wurin? Mi ya sa ba ki taɓa hwaɗa mini ba?”

“Kai ka taɓa tambaya? Kullum sai labarin bijimi, wanga ƙaho, wancan tozo. Ni na ɗauka ma da saniya za a ɗaura maka.”

Ya yi dariyar nan tasa, sannan ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin taguwa. “Ni ko kamannin nawa uban ban sani ba, Sadiyatu. Watakila naki ya gan shi ranar. Watakila kusa da juna sunka tsaya.”

Na ce watakila. Allah ya yafe mini, har da ƙari na yi, na ce ai babana ya sha ba da labarin wani malami jarumi da ya gani. Ƙarya ce. Babana bai taɓa ambaton Giginya a gabana ba ko sau ɗaya.

Laraba da sassafe Iyatu ta tafi suna Dundaye. Ta ɗaure adudun da igiya, ƙulli uku, ta ɗora tukunya a kai. Ni da na koyi kwance jakar goron kakata tun ban yi wayo ba! Ƙurarta ba ta kwanta ba batta tana hannuna.

Na zazzage su a faifai. Guda goma. Wallahi kamar kashin awaki, baƙi, ga kore ya ci su, ga wari irin na tsohuwar rijiya. Na ce a'a, ba zan kai wa Inna Hajjo wannan ƙazanta ta ce gidanmu ko ganimar yaƙi ba a iya adanawa ba. Yadda muke wanke tasoshin jere haka zan yi musu.

Na jiƙa tsamiya a kasko da ruwan ɗumi, na dama ta yi kauri, na zuba su ciki. Kafin in gama shara ruwan ya koma kore kamar miyar kuka. Na tankaɗe toka mai laushi daga murhu, na yago tsumma daga tsohon zanen Iyatu, na zauna a gindin turmi na miƙe ƙafa. Dangwali toka, murza. Dangwali, murza. Inda dauɗa ta maƙale a lungu na bi ta da tsinken tsintsiya. Masu taurin kai na matsa musu lemun tsami, yatsuna suna zafi kamar na yanka barkono, ina waƙa abina. Falalen ƙarfen ma na wanke shi, da shi na riƙa kankare tsamiyar da ta bushe a kasko.

Na ɗauraye, na shanya a rana, na bi su da busasshen tsumma. Jama'a! Tagulla ce, ja-ja-fari, tana walƙiya har sai ka kare ido. Manya biyar, ƙanana huɗu, da wani guda ɗaya daban wanda rubutu ne kawai a kansa. Sauran taran zane ɗaya ne: zaki a tsaye da ƙafa biyu a gefe guda, a ɗaya gefen doki, suna riƙe da garkuwa, da wata hula a sama. Dokin kuma ƙaho gare shi, guda ɗaya, a tsakiyar goshi. Na yi dariya har na kwanta. Mutanen da ba su san bambancin doki da sa ba, su ne suka ci mu da yaƙi!

Na zaɓi babba mafi kyalli, na naɗe a ganyen goro. Wannan karon na yi kwalli ido biyu, na ɗaura zane daidai, na ɗauki ƙwaryar fura na biya gidan su Tambari. Inna Hajjo ta karɓa da yatsu biyu, kamar an miƙa mata kunama. Ta daɗe tana kallo.

“Irin su na. Na gan su ga ƙirjinsu ranar da sunka ratsa kasuwa.” Ta ƙulle shi a bakin fatala. “Bar shi nan. Baffan yaron ga ya je hilin, can yab baro ƙahwa guda. In nuna mai.”

Na fito ina taku ɗai-ɗai kamar amarya. Sai wata dabara ta zo mini: sauran taran, me zai hana a jera mini su a sarƙa in rataya ranar biki, kowa ya gani? Kuma na san wanda zan kai wa. A layin maƙeran fari akwai Baba Sodangi, tsohon soja ne, kowa ya sani. Ana sayen warwaro da zobe a wurinsa don hannunsa na da kyau, amma ba mai cin tuwo kwano ɗaya da shi. Ni dai tsokana ce ta kai ni. Na ce bari in nuna wa tsohon nan abin da babana ya yi wa 'yan'uwansa.

Na same shi yana hura zuga-zugi, tsohuwar jar dara a kansa ta koma ruwan ƙasa.

“Baba Sodangi, sannu da wuta. Na kawo maka gaisuwa daga abokanka.” Na zazzage battar a kan fatar da yake zaune.

Bai taɓa su da farko ba. Ya saki zuga-zugin, ya goge hannu a riga. Hausarsa ba irin tamu ba ce, ta 'yan bariki ce, a miƙe.

“Wa ya wanke su?”

“Ni. Tsamiya da toka. Ko Samanjanku bai iya hakan ga ba.”

“Kin iya.” Ya fara jera su da ɗan yatsa. “Waɗannan manyan na gaban riga ne, biyar ake sawa. Ina na biyar?”

“Shina wurin surukata.”

“Ƙananan na aljihu ne da kafaɗa. Riga ɗaya ce cif, ba abin da ya ɓata.” Ya ɗauki mai rubutun ya kai kusa da ido. “Wannan kuwa ya girme su. Na Kamfani ne, tun muna Lakwaja, kafin a mai da mu sojan Sarkin Ingila. Mai wannan ya daɗe a aiki. A ina kika samu?”

Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya don maƙwabtansa su ji. “Babana yay yanko su ga rigar wani naku da yak kayar a Giginya. Ka jera mini su a sarƙa, in ba za ka yi kuka ba.”

Ya dube ni. Ba fushi a idonsa, da ma fushin ne da na ji daɗi. Ya ce, “Rage murya, 'yata. Zauna.”

“Ina da talla.”

“Zauna.”

Na tsuguna. Ya ɗauki falalen ƙarfen nan mai tsaga. “Wannan fa, me ne ne?”

“Guntun wuƙar sojan na, ko?”

Ya ɗauki maɓalli ɗaya, ya zura shi ta faffaɗan bakin tsagar, ya ja shi ƙasa. Ya zauna daram, kamar don shi aka yi. Ya zura na biyu, na uku.

“Haka muke yi kowace safiya kafin fareti. Maɓallan suna jikin riga, ka zura wannan a ƙarƙashinsu, ka goge, don kada magani ya ɓata kaki. Ba a zuwa da shi filin yaƙi. A jaka yake zama.” Ya juya maɓallan. “Dubi kunnuwansu na baya. Wanda ya fizga da wuƙa yana gudu sai ya lanƙwasa wani, ya kankare wani. Waɗannan a zaune aka warware su, da allura.”

Na ce, “To, watakila jakar duka yad ɗauko.”

“'Yata, ina wurin ranar. Mun tsaya sahu huɗu kamar ɗaki, bindiga mai ruwa a kusurwa. Mutanenku sun zo, wallahi maza ne, wasu har suka kusa. Amma ban ga sojanmu ko ɗaya da ya faɗi har a tsaya cire masa riga ba. Kafin rana ta yi zafi an gama.”

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. Ya karkata maɓallin a rana.

“Kin ga fuskar dokin ta shafe, ta zakin tana nan? Namu duka zakin ne ke fara shafewa, don da hannun dama muke guga. Mai wannan bahago ne.” Ya juya falalen ƙarfen. A bayansa, inda na kankare da hannuna da safe, akwai zane uku a tsaye da ɗaya a gicciye. Kowa da alamarsa, in ji shi, don sata ta yi yawa a bariki. Ya shafa wurin da babban yatsa, ya daɗe.

“Na'Allah Bahago,” ya ce. “Mutum biyu ne tsakanina da shi a sahu. Ashe nan ya ƙare?”

Ban faɗa masa sunan babana ba. Ban faɗa masa da hagu yake riƙe wuƙar fawa ba.

Ban san yadda na iso gida ba. Furar dai na san a layin maƙera na bar ta, har ƙwaryar. A hanya abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Yadda babana ke tsayawa a miƙe kamar an haɗiye masa sanda. Yadda in iska ta kawo ƙarar begila daga bariki sai hannunsa ya tsaya cak a kan nama. Yadda yara ke dariyar Hausarsa. Ban taɓa ganin ɗan'uwansa ko ɗaya ba, ban kuma taɓa tambaya ba, ni da nake tambayar abin da ba ruwana.

Iyatu ta dawo bayan la'asar da ɗan ƙullin naman suna. Ta ga kasko da koren ruwa, ta ga toka, ta ga igiyar adudu a ƙasa. Ta ajiye ƙullin a hankali. Na shimfiɗa mata su a faifai, suna ta walƙiyarsu ba kunya.

“Tara,” ta ce. “Ina guda?”

“Wurin Inna Hajjo.”

Ta zauna a ƙasa, ba tabarma. Ban taɓa ganin ta tsufa haka ba.

“Iya, Baba Sodangi ya san shi. Har sunanai.”

“Awo.”

“Awo? Shi ke nan abin da za ki ce? Shekara goma sha ɗaya kina ba ni ƙarya ina sha kamar kunu!”

“To mi zan ce ma ɗiya 'yar shekara bakwai da bakinta ya fi kasuwa? In ce ubanki sojan Nasara na, ki kai ma duniya kahin azahar?” Ta share ido da gefen zane. “Shina yaro anka kama shi, ko sunan garinsu bai riƙe ba. Hannu huɗu yab bi ana saida shi. Da yag gudu, bariki kaɗai anka ba shi tuwo ba a tambaye shi ubanai ba. Bayan abin Giginya ya yi shekara biyu bai iya barci, yab bar aikin. Ranar da yaz zo neman uwarki bai ɓoye mini komi ba. Gabana yas sa ma kakin wuta.”

“Maɓallan hwa?”

“Ni nic cire su. Nic ce ƙarfe na, ba a yar da ƙarfe. Rowata ta, ba laihinai ba.” Ta tura faifan da ƙafa. “Da nig gane wauta niy yi, nika shafa musu gishiri da ƙasar bakin randa duk damina, don su rufe, kowa yag gani shi ce tarkace na. Shekara ashirin ina ba su dauɗa, Sadiyatu. Ke kin wanke hantsi guda.”

“Ya harba, Iya? Ranar?”

“Soja na. An ce mai harba.”

Na so in yi kuka, ya ƙi zuwa. Na so in yi wasa, shi ma ya ƙi. Muna zaune haka, inuwa ta cinye tsakar gida, kaji sun fara neman akurki, sai ga muryar Tambari a zaure, da fara'arsa har tana zuba.

“Mai baki! Hito ki ji albishir!”

Na fita ba mayafin kirki. Ya sha wanka, ya sa riga mai aiki a wuya wadda ban taɓa gani ba.

“Inna ta nuna ma Baffa. Shi ya ce bai ga an kayar da soja ba, amma da wuri anka harbe shi, bai ga ƙarshe ba, ba shi iya rantsuwa. To Inna tac ce abu mai sauƙi: a dahwa Alƙur'ani gabanta a ce babanki ba ya cikin Nasara, ganima ta. Shi ke nan! Jibi Juma'a Baffa shi kawo goro.” Ya tafa hannu. “Ke da ke rantsuwa sau ɗari kan fura ba ta kwana ba, wanga mi a ciki?”

Ya tsaya yana jiran in rama.

“Lahiya? Ko murna ta ɗauke miki harshe? Yau na ga abin mamaki.”

Sai na ji motsin buta a bayana. Iyatu ce. Ta yi alwala, ruwa na ɗiga a haɓarta, ta yafa babban mayafinta na zuwa jana'iza.

“Yarinyar ga ba a haife ta ba ranar, rantsuwarta ba ta da nauyi,” ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi. “Ni nis san Na'Allah. Ni za ni dahwa. Mu tahi, ɗana.”

Na dube ta. Tsohuwar da ƙafarta ɗaya ke bakin kabari, wadda ba ta taɓa barin azumin Litinin ba, za ta ɗora hannu a Littafin Allah ta yi ƙarya don in sami miji. Kuma zan samu. Abin da zan yi kawai shi ne in rufe bakina, sau ɗaya a rayuwata. Ta wuce ni taku ɗaya, taku biyu.

Na kama bakin mayafinta.

“Sake ni, ja'ira.”

“Ba ki zuwa, Iya.”

“Sadiyatu, na roƙe ki.”

Ban sake ta ba. Na juya wurin Tambari, na kalli aikin wuyan rigarsa don ba zan iya kallon idonsa ba.

“Ba ganima ba ta. Maɓallan babana na, ga ƙirjinai suke ranar. Cikin sahunsu yat tsaya, da bindiga. Yau nij ji. Labarin malamin da nic ce ya gani ma, ni niƙ ƙirƙira.”

Dariyar ba ta bar fuskarsa nan take ba, a hankali ta riƙa zamewa. Ya jingina da bangon zaure. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Iyatu ta sulale ƙasa tana salati. Na jira ya zage ni, ya tofa mini yawu, ya ce wani abu, ko me ne ne.

“Da kin bari ta rantse,” ya ce a ƙarshe, can ƙasa-ƙasa, “da ban taɓa sani ba.”

“Awo.”

“Da mun yi aurenmu.”

“Awo.”

Daga waje muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, sandar mai ƙafa ɗaya tana dukan ƙasa, tana matsowa. Ashe ba su iya jira a kai musu tsohuwa ba. Ta ƙofar zaure na hango Baffa da gafaka rataye a kafaɗa, Inna Hajjo a bayansa, a kanta ƙwarya rufe da sabon faifai, irin wadda ake kai wa gidan surukai. Yau ga ta da murmushi, na farko da na taɓa gani a fuskarta.

“Salamu alaikum, masu gida,” in ji ta. “Ina ɗiyata?”

Tambari ya dube ni, ya dubi Iyatu a ƙasa. Ya miƙe daga jikin bango, ya tsaya a tsakiyar ƙofa, bayansa gare ni.

“Wa alaikumus salam, Inna,” ya ce. “Kada ki sauke ƙwaryar ga tukuna.”